Yadda Ake Kula da Gashi da Fatar Fuska Ba Tare da An Wahalar da Su Ba

Duk wanda yake ganin gashinsa ya ƙi tsawo, ina ba shi shawarar ya yi wani ɗan gwaji kafin ya sayi sabon mai, gwajin da ba zai ci masa minti biyar ba. Bayan an gama taje kai, a zare gashin da ya maƙale a mataji, a baza shi a kan farar takarda, a duba shi sili-sili a wuri mai haske. Silin da yake da tsawo, kuma yake da ɗan farin ƙullutu kamar ƙwayar yashi a gindinsa, ya gama zamaninsa ne ya faɗo daga tushe, wani kuma yana nan tafe a gurbinsa. Gajerun guntaye marasa farin gindi kuwa, waɗanda suke zuba a kafaɗa da bayan wuya kamar an barbaɗa su, karyewa suka yi a tsakiya, kuma galibi su ne dalilin da ya sa shekara take zagayowa gashi yana nan inda yake.

A kan mutum akwai tushen gashi kimanin 100,000, kowanne yana fitar da sili na tsawon shekara 2 zuwa 6, sannan ya huta kamar wata 3, silin ya faɗi, sabo ya tsiro. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, kuma wannan aiki a ƙarƙashin fata ake yin sa, inda man da aka shafa daga waje ba ya iya hanzarta shi yadda masu talla suke faɗa. Abin da yake hannunmu shi ne tsare tsawon da ya riga ya fito. Silin gashi ba shi da rai, wani furotin ne mai suna keratin da aka lulluɓe da ɓawo mai kama da ɓawon kifi, kuma idan ɓawon nan ya zazzage ko bakin silin ya tsage, babu abin da zai ɗinke shi ya koma yadda yake. Gashi mai murɗiya ya fi kowane iri buƙatar lallami, domin kowace lanƙwasa a jikin silin wuri ne mai rauni, sannan maiƙon da fatar kai take fitarwa yana wahalar bin lanƙwasar har ya kai baki, shi ya sa irin wannan gashin yake saurin bushewa.

Wanki da taza

Mutane da yawa suna gudun wanke kai don tsoron bushewa, sai su yi ta ɗora mai a kan mai har fatar kai ta toshe da gumi da ƙura. Ga mai gashi mai murɗiya, wanki sau ɗaya a mako, ko aƙalla sau ɗaya a mako biyu, ya wadatar, sai dai idan aikinsa na yawan zufa ne. A raba gashin gida huɗu ko shida kafin a zuba ruwa, a kitse kowane kashi sako-sako, a riƙa kwance su ɗaya bayan ɗaya ana wankewa, domin gashin da aka tara a tsakiyar kai aka cuɗa kamar ana wankin tufafi yakan sarƙe ya ƙulle. A fatar kai ake zuba shamfu, a murza da tsokar yatsu ba da farce ba, kumfar da ta gangaro ta isa ta wanke jikin gashin. Ruwan kuma ya zama mai ɗumi-ɗumi, domin ruwa mai zafi sosai yana kwashe ɗan maiƙon da ya rage.

Wanda yake son ya yi amfani da man kwakwa, lokacin da ya fi amfani shi ne kafin wanki. A shekarar 2003 an wallafa wani bincike da aka yi a Indiya, wanda ya gwada man kwakwa da wasu mayuka biyu, aka ga shi kaɗai ne ya rage asarar furotin daga jikin gashi sosai, saboda yana iya ratsawa cikin silin maimakon ya tsaya a samansa. A shafa shi a jikin gashin kamar awa ɗaya kafin wanki, ko a kwana da shi, sannan a wanke.

Wurin taza ne aka fi yin ɓarna, kuma a nan nake so a fi natsuwa. Kada a taje gashi mai murɗiya yana bushe ƙayau. Bayan an ɗauraye shamfu, a shafa kwandishina a wadace har gashin ya yi santsi, a fara warware ƙulle-ƙullen da yatsu, sannan a ɗauko mataji mai manyan haƙora a fara daga bakin gashi, ana hawa a hankali zuwa tushe, hannu ɗaya yana riƙe da kashin da ake tajewa don kada jan ya kai ga fata. Idan an ji ƙarar tsinkewa tas-tas yayin da mataji yake wucewa, to gashi ne yake karyewa, sai a dakata a ƙara kwandishina ko ruwa. Ƙullin da ya ƙi kwancewa a yanke shi da almakashi mai kaifi, ya fi a fizge shi. Ranar da mutum yake gaggawa ko ransa yake a ɓace ba ranar tsifa da taza ba ce, domin tazar minti goma cikin fushi tana iya cinye tsawon da aka yi wata uku ana tarawa.

Bayan wanki, a tsane ruwan da tsohuwar riga ta auduga mai laushi, a matsa a hankali, kada a goga da tawul mai kaushi. Sai kuma wani abu da ake yawan juya shi baibai: mai ba ya jiƙa gashi. Ruwa ne yake ba gashi laima, aikin mai shi ne ya rufe ta kada ta tsere da wuri. Don haka tun gashin yana da danshi ake shafa kwandishinan da ba a wankewa, sannan a bi da ɗan man kaɗanya ko wani mai, a fi ba bakin gashi muhimmanci tunda shi ne mafi tsufa. Man da aka lafta wa busasshen gashi ƙyalli kawai zai ba shi, cikinsa yana nan a bushe. Da dare a rufe kai da hular satin ko siliki, ko a sa wa matashin kai riga irin wannan, saboda auduga tana tsotse laima kuma tana gogar gashi duk juyin da mai barci ya yi.

Kitso, zafi da man miƙarwa

Kitso yana hutar da gashi daga taɓawar kullum, amma fa sai idan bai matse ba. Kitson da ya ɗaga gira, ya hana mutum runtse ido da kyau, ya hana shi kwanciya a daren farko, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a layin goshi da ƙeya, ya wuce ƙa'ida, kuma maganinsa a kwance shi a ranar, ko da kuwa an sha zama kafin a gama. Ja mai ɗorewa yana sa tushen gashi ya kumbura, gashin gaban goshi da na saman kunne ya fara janyewa baya. A farkon lamari yana dawowa idan an sassauta, amma idan aka shekara da shekaru ana maimaitawa, tushen yakan mutu ya zama tabo, kuma tabo ba ya tsirar da gashi kowane irin mai aka shafa masa. Yana ba ni takaici in ga yarinya ƙarama tana hawaye a hannun mai kitso ana ce mata ta daure, alhali zafin nan gargaɗi ne jikinta yake yi. A gaya wa mai kitso tun kafin ta fara cewa ta bar siraran gashin goshi su huta, kada ta ɗora musu ƙarin gashi mai nauyi, kuma kada kitso ya wuce mako 6 zuwa 8 a kai. Idan an tsefe aka ga gashi mai yawa ya fito, kada hankali ya tashi, mafi yawansa wanda ya zube ne a makonnin nan bai sami hanyar faɗuwa ba. A warware shi da yatsu kafin ruwa ya taɓa kan, in ba haka ba zai dunƙule.

Na'urar busarwa da ƙarfen miƙarwa a rage amfani da su, a sa su a mafi ƙarancin zafi, kuma kada a taɓa ɗora ƙarfe mai zafi a kan jiƙaƙƙen gashi, domin ruwan da yake cikin silin yana tafasa ya fasa shi daga ciki. Man miƙar da gashi kuwa, wanda ake kira rilaksa, yana aiki ne ta hanyar karya igiyoyin da suke riƙe da keratin, shi ya sa yake raunana gashi kuma yakan ƙona fatar kai. A 2022 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, bayan sun bibiyi mata sama da 33,000, sun ba da rahoton cewa masu yawan amfani da mayukan miƙar da gashi sun fi sauran kamuwa da kansar mahaifa. Alaƙa ce aka gani, ba a ce an tabbatar man ne sanadi kai tsaye ba, amma ta isa ta sa mutum ya yi tunani. Mai son dainawa ta riƙa lallaɓa mahaɗar sabon gashi da tsohon da aka miƙar, domin a nan yake tsinkewa, tana datse tsohon kaɗan-kaɗan.

Idan matsalar a fatar kai take

Amosani yana kama da bushewar fata, shi ya sa ake yawan yi masa maganin da yake ƙara shi. Yana da nasaba da wata ƙwayar fangas mai suna Malassezia, wadda take zaune a fatar kowa kuma maiƙo ne abincinta, saboda haka wanda ya ga farin gari a kansa ya ƙara lafta man zaitun, ciyar da ita ya yi. Abin da ya dace shi ne shamfu mai ɗauke da ketokonazol ko seleniyom salfaid, a shafa a fatar kai, a bar shi kamar minti 5 kafin a ɗauraye, sau ɗaya a mako ga mai gashi mai murɗiya. Makero kuwa, wanda yake cin gashin yara ya bar fili zagayayye mai ɓawo, ba ya jin man shafawa kaɗai, sai likita ya rubuta maganin sha, kuma kada a yi tarayya da mai shi a mataji ko hula ko kayan aski.

Akwai kuma zubewar da take zuwa wata 2 zuwa 3 bayan haihuwa, ko zazzaɓi mai tsanani, ko tiyata, ko ramewa cikin gaggawa. Tana firgitarwa, amma galibi tana tsayawa da kanta cikin watanni. Idan ta daɗe, a je a auna jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe da matsalar tayirod, wato wata gaɓa da take a gaban wuya, suna cikin sanannun dalilai. Ƙwayoyin bitamin ɗin biyotin da ake tallatawa ba su da tabbataccen amfani ga wanda ba shi da ƙarancinsa, kuma a 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yawan shansu yana iya gurɓata sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da wanda ake gano ciwon bugun zuciya da shi.

Daga kai zuwa fuska

Mai fama da ƙananan ƙuraje a goshi da gefen kunne ya fara tuhumar man gashinsa. Tun 1970 likitocin fata suka bayyana irin waɗannan ƙurajen da man kitso mai kauri yake haddasawa, inda man yake gangarowa da zufa, ko ya shafu a matashin kai ya dawo kan kunci. A nisanta mai daga layin goshi kamar faɗin yatsa biyu, a wanke hannu bayan an taɓa gashi, a wanke fuska bayan an gama gyaran kai ba kafin nan ba, a kuma sauya rigar matashi da hular barci aƙalla sau ɗaya a mako. Sau da yawa wannan kaɗai yana share goshi cikin 'yan makonni.

Ƙurajen fuska ba alamar ƙazanta ba ce. Suna farawa ne a cikin ƙofar gashi, inda maiƙo da matattun ƙwayoyin fata suke haɗuwa su toshe ta, sai wata bakteriya mai suna Cutibacterium acnes ta yawaita a ciki, wurin ya kumbura. Sinadaran homon, waɗanda jiki yake samarwa da kansa, su ne suke ƙara yawan maiƙon, shi ya sa ƙurajen suke tasowa lokacin balaga da kuma gab da al'ada. Baƙin ɗigon da ake gani a hanci ma ba datti ba ne, toshiyar ce iska ta taɓa ta yi duhu. Tunda abin daga ciki yake, dirza fuska da soso ko da gishiri ba ya kai gare shi, sai dai ya ƙara fusata fatar.

Wanki sau biyu a rana ya isa, safe da dare, sai kuma bayan an yi zufa sosai. A yi amfani da tafin hannu da ruwa mai ɗumi-ɗumi da abin wanke fuska mara ƙarfi. Fatar mutum tana da ɗan tsami na halitta, wajen 5 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami inda ƙaramar lamba take nufin ƙarin tsami, yayin da sabulun wanka na gama-gari yake kaiwa 9 zuwa 10, kuma wannan tazara ce take sa fuska ta ɗaure tamau bayan wanka. Wannan ɗaurewar ba tsabta ba ce, alama ce cewa an kwashe garkuwar fatar. A tsane da tawul na fuska kaɗai, a shafa man da ba ya toshe ƙofofin fata tun da sauran danshi, ko da kuwa fuskar mai maiƙo ce. Kada a kwana da hoda ko wata kwalliya, a kuma riƙa wanke soso da burushin kwalliya duk mako.

Kalmar "na gargajiya" ko "na halitta" ba ta wanke abu daga cutarwa. Ruwan lemon tsami yana da tsami mai ƙarfi, wajen 2 a ma'aunin nan, kuma idan rana ta bugi fatar da aka shafa masa yana iya ƙona ta ya bar baƙin shaci na watanni. Man goge baki da bakin soda da ɗanyar tafarnuwa duk suna ƙona fata. Duk sabon abin da za a shafa, a fara gwada shi a cikin dantse na 'yan kwanaki kafin a kai shi fuska.

Sai babbar magana, wato hannu. Na san yadda ƙurji mai farin kai yake kiran yatsa a gaban madubi, amma matsa shi yana tura ƙazantar cikin fata, ya faɗaɗa kumburin, kuma a fata mai duhu kusan kowane kumburi yana barin baƙin tabo, domin ƙwayoyin da suke samar da launi suna amsa rauni ne da ƙarin launi. Ƙurjin da zai baje cikin mako guda idan an ƙyale shi, tabonsa yana iya kai wata shida ko fiye idan an matse shi. Mai ƙurji mai zafi ya naɗe ƙanƙara a ƙyalle mai tsabta ya ɗora na 'yan mintuna, ya ɗiga magani, ya janye hannunsa.

Magungunan da aka tabbatar da aikinsu ba su da yawa, kuma sanannu ne. Salisilik asid mai ƙarfin kashi 0.5 zuwa 2 cikin 100 yana buɗe toshiya. Benzoyil feroksaid yana kashe bakteriyar, kuma mai kashi 2.5 yana aiki kusan daidai da mai kashi 10 ba tare da ya bushe fata sosai ba, sai dai yana koɗar da launin tawul da tufafi. Adafalin mai kashi 0.1 yana hana sabuwar toshiya, ana shafa ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake a dukan fuska da dare, a fara da sau biyu ko uku a mako, amma mai juna biyu ko mai neman haihuwa ta nisance shi da danginsa. A ɗauki guda ɗaya a fara da shi, kada a haɗa su duka rana ɗaya. Fata tana ɗaukar kimanin wata guda kafin ta sabunta samanta, don haka sai an yi mako 6 zuwa 8 ana shafawa kafin a ga sauyi, cikakken sakamako kuma sai wajen wata 3. Mafi yawan waɗanda suke cewa babu abin da yake yi musu aiki, za a tarar suna sauya magani ne duk bayan kwana goma.

Rana tana ƙara duhun tabo, kuma duhun fata bai ɗauke wa kowa buƙatar kariya ba. A shafa man kariyar rana mai lambar SPF, wato ƙarfin kariyarsa, 30 ko sama kowace safiya, a sake bayan awa 2 idan ana cikin rana. Irin wanda aka sa wa launi da sinadarin ayon oksaid ya fi dacewa da mai tabo, kuma ba ya barin fuska fari fat kamar an shafa toka.

Gaggawar kawar da tabo ce take kai mutane ga man bilicin, a nan kuwa ake zuwa gyaran gira a rasa ido. Yawancin waɗannan mayukan suna ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa uku. Sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol yana sa fata ta yi haske da laushi a makonnin farko, daga baya ta sirance, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ƙuraje su dawo fiye da da. Haidurokwinon idan aka daɗe ana shafa shi yana iya haifar da wani duhu mai shuɗi-shuɗi a kunci wanda yake da matuƙar wuyar magani. Zaiba kuma tana ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma iya cutar da ɗan tayi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take gargaɗi a kanta, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan zaiba da ake kira Minamata, ta 2013, ma ta shigar da kayan kwalliya masu zaiba cikin abubuwan da za a kawar. Wanda ya daɗe yana shafa mai sitiroyid ya nemi likita ya tsara masa yadda zai janye a hankali, saboda yankewa farat ɗaya yakan sa fuska ta yi ja ta ɗauki zafi.

Game da ci da sha, abin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne rage abubuwan da suke saurin ɗaga sukarin jini. A wani gwaji da aka wallafa a 2007 a Ostareliya, samari 43 aka raba gida biyu na tsawon mako 12, kuma waɗanda aka rage wa irin wannan cimar sun fi samun raguwar ƙuraje. Shan ruwa yana da amfani ga jiki, amma ba ya wanke ƙuraje daga ciki kamar yadda ake yayatawa. Barcin awa 7 zuwa sama da rage damuwa suna taimakawa, kuma ɗalibai da yawa sun san yadda fuska take yi a makon jarrabawa.

Akwai inda kulawar gida take tsayawa. Manyan ƙuraje masu zurfi da zafi waɗanda suke barin rami, ƙurajen da suka yi wata 3 ana magani ba su motsa ba, ƙurajen haɓa da suka zo tare da rikicewar al'ada da fitowar gashi a fuskar mace, da gashin tsakiyar kai da yake sirancewa yana faɗaɗa tare da zafi ko ƙaiƙayi, duk na likitan fata ne, kuma a je da wuri tun tabo bai zauna ba. Ranar zuwa a tattara duk abin da ake shafawa a kai da fuska, har da wanda aka haɗa a gida da wanda ba shi da takarda a jikinsa, a tafi da su a jaka a nuna masa.